Yawan ambato da darajar bincike a likitancin gaggawa: misalin aikin Emanuel Rivers

1. Gabatarwa

Duk malamin jami'a da ya taɓa haɗa takardunsa don neman ƙarin girma ya san wannan aiki: a jera maƙalolin da mutum ya buga tun daga ta farko, a rubuta sunan mujalla da shekara da lambar shafi, a nuna ko shi ne marubuci na farko ko kuwa sunansa yana can tsakiya. A ƙasashenmu masu aiki da faransanci, hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke duba irin waɗannan takardu. Da intanet ta zo, sai aka ƙara wani abu a gefen jerin: kowa yana iya buɗe Google Scholar ko Scopus ya ga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci kowace maƙala. Lambar tana da sauƙin karantawa, kuma mun lura ɗalibai, har da wasu malamai, suna ɗaukarta tamkar makin jarrabawa: wanda ya fi yawan ambato shi ya fi gaskiya.

A cikin wannan takarda muna so mu bayyana abin da lambar take aunawa da wanda ba ta aunawa. Mun zaɓi likitancin gaggawa saboda a can abin da aka karanta cikin mujalla yakan zama aikin hannu cikin ƴan awoyi, a kan mutumin da yake tsakanin rai da mutuwa. Mun kuma tsaya kan mai bincike guda, likita Emanuel Rivers na asibitin Henry Ford da ke birnin Ditroit a Amurka, domin maƙalarsa ta 2001 tana cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin fannin, kuma an daɗe da buga ta har an ga abin da ya biyo baya.

2. Ma'aunan da ake aiki da su

Abin da muke kira ambato a nan shi ne abin da faransanci yake kira citation: mai bincike ya sa sunan maƙalar wani cikin jerin ayyukan da ya duba. Tunanin ƙidaya ambato na wani Ba'amurke ne, Eugene Garfield, wanda ya kawo shi a 1955, sannan ya fitar da kundinsa mai suna Science Citation Index a 1964. Manufarsa ta farko ita ce taimakon mai neman takardu: idan ka san wata tsohuwar maƙala, kundin zai nuna maka duk waɗanda suka yi magana a kanta daga baya. Auna mutane da shi ya zo ne daga bisani.

Daga wannan kundi aka fitar da ma'aunin tasirin mujalla, wanda ake bugawa kowace shekara tun tsakiyar shekarun 1970. Lissafinsa ba shi da wuya. A ɗauki ambaton da aka yi a bana na abin da mujallar ta buga bara da bara waccan, a raba shi da yawan maƙalolin da ta buga cikin waɗannan shekaru 2. Ke nan ma'aunin mujalla ne, matsakaici kuma. Ƴan maƙaloli kaɗan masu suna su ne sukan ɗaga shi, sauran su ci albarkacinsu.

Na uku shi ne ma'aunin h, wanda masanin fizika Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 don auna mutum guda. A ce mai bincike yana da maƙaloli 7, an ambace su sau 40, 22, 15, 9, 6, 5 da 3. Ma'auninsa 5 ne, domin yana da maƙaloli 5 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 5, amma ba shi da 6 da kowace ta kai 6. Ya kamata a lura da wani abu a nan: ko da maƙalarsa ta farko ta tashi daga 40 ta kai dubu 10, ma'aunin yana nan 5. Jimillar ambato tana fifita mai maƙala guda da ta yi tashe, ma'aunin h yana fifita wanda ya daɗe yana bugawa a kai a kai. Mutum guda, a rana guda, yana iya zama babba a ɗaya, matsakaici a ɗaya.

Bugu da ƙari, rumbunan ba su ba da lamba iri ɗaya. Google Scholar yana ƙidaya kundayen digiri da rahotanni da duk abin da ya samu a intanet. Scopus da Web of Science kuwa sai mujallun da suka zaɓa, akasarinsu masu fitowa da ingilishi. Mujallu da yawa na Afirka masu fitowa da faransanci ba su cikin waɗannan biyun. Saboda haka duk wanda ya kawo lamba ba tare da ya faɗi rumbun da ya samo ta da ranar da ya duba ba, bai gama magana ba.

3. Fanni ne sabo, kuma manyan ayyukansa sukan fita a wani gida

Likitancin gaggawa bai daɗe da samun gashin kansa ba. A Amurka an kafa ƙungiyar likitocinsa a 1968, aka fara horar da ƙwararru a Sinsinati a 1970, aka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979. A Faransa, Louis Lareng ya kafa SAMU ta farko a Tuluz a 1968, amma sai a 2017 ɗaliban likitanci suka fara shiga fannin a matsayin cikakkiyar ƙwarewa ta musamman. A Afirka, tarayyar masu aikin fannin ta kafu a 2009, mujallarta ta fara fita a 2011.

Wannan ƙuruciya tana da tasiri kan lambobi. Masu bincike a fannin ba su kai na ciwon zuciya ko ciwon daji yawa ba, don haka masu ambato ma ba su da yawa. Sannan idan likitan gaggawa ya samu babban sakamako, ba ya kai shi mujallar fanninsa, sai ya nufi manyan mujallun likitanci na kowa da kowa. Michael Callaham da abokan aikinsa sun auna abin da wannan yake haifarwa, suka buga a mujallar JAMA a 2002. Sun bi sawun ayyukan da aka aika wa taron masu binciken likitancin gaggawa na Amurka na 1991, suka samu 204 da aka buga daga baya. Kowace maƙala an ambace ta kamar sau 2 a shekara. Abin da ya fi nuna yawan ambaton da maƙala za ta samu shi ne ƙarfin sunan mujallar da ta fito a ciki. Ya rinjayi ingancin tsarin binciken kansa. Wato aiki mai rauni a babbar mujalla yana iya fin aiki mai kyau a ƙaramar mujalla.

4. Jerin ayyukan Rivers da maƙalar 2001

Idan aka karanta jerin ayyukan Rivers bi da bi, maimakon a duba lambobi kawai, za a ga inda tunaninsa ya samo asali. Tun farko a kan tsayawar zuciya ya yi aiki. Sunansa yana cikin marubutan wata maƙala ta 1990 a JAMA, wadda Norman Paradis ya jagoranta, inda aka auna marasa lafiya 100 ana cikin danna musu ƙirji, aka ga zuciya ba ta tashi ba sai ga waɗanda ƙarfin jinin da ke shiga jijiyoyin zuciyarsu ya kai wani mataki. A 1992 ya buga aiki kan auna oksijan da ya rage cikin jinin da yake komawa zuciya, ta hanyar siririn tiyo da ake sa wa cikin babbar jijiya ta wuya ko ta ƙirji. Hikimar awon ita ce: idan jinin ya dawo da oksijan kaɗan, to gaɓoɓin jiki suna cikin yunwa ke nan, sun tatse abin da aka kai musu, ko da kuwa tansiyo yana nuna daidai.

Wannan awo ne ya ɗauko ya kai kan sefsis. Sefsis shi ne halin da jiki yake shiga idan wata ƙwayar cuta ta kama shi, martanin jikin ya wuce gona da iri har ya fara lalata gaɓoɓinsa: ƙoda, huhu, ƙwaƙwalwa. Idan abin ya tsananta, jijiyoyi su saki, tansiyo ya faɗi. Ba ƙaramar matsala ba ce: wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya ce a 2017 mutum miliyan 48,9 suka kamu, miliyan 11 suka mutu, kuma Afirka ta kudu da Sahara tana cikin inda nauyin ya fi yawa. Kafin Rivers an gwada ƙara wa jiki oksijan da ƙarfin magani a ɗakunan farfaɗo da marasa lafiya, gwaje-gwajen 1994 da 1995 ba su nuna amfani ba, ɗaya ma ya nuna illa. Hujjar Rivers ita ce an makara ne: lokacin da maras lafiya ya isa ɗakin farfaɗowa, ɓarnar ta riga ta auku. A fara tun daga ƙofar asibiti.

Daga Maris 1997 zuwa Maris 2000, a asibitinsa, ya raba marasa lafiya 263 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 133 suka samu kulawar da aka saba. Mutum 130 aka bi da su bisa wani tsari na awa 6 mai matakai: a yi ta ƙarin ruwa har awon cikar babbar jijiya ya kai tsakanin 8 da 12, a ba da maganin ɗaga tansiyo har matsakaicinsa ya kai 65, idan oksijan na jinin da yake komawa zuciya bai kai kashi 70 cikin 100 ba, a ƙara jini har kason jajayen ƙwayoyi ya kai 30, idan bai wadatar ba a ba da dobutamin don ƙarfafa bugun zuciya. Cikin waɗannan awoyi, ƴan sabon tsari sun sha ruwa kusan litar 5 ta jijiya, ɗaya rukunin kimanin 3,5. An ƙara wa kashi 64 na rukunin farko jini, na biyu kashi 18,5. Sakamakon ya fito a New England Journal of Medicine ran 8 ga Nuwamba 2001: a rukunin kulawar da aka saba kashi 46,5 suka mutu a asibiti, a sabon tsari kashi 30,5.

Bambancin 16 cikin 100 ba abin da ake gani kullum ba ne a likitanci. Ma'anarsa kusan a duk mutum 6 da aka bi da su ta wannan hanya an tsirar da guda. Kuma ba sabon magani mai tsada ba ne, ruwa ne da jini da magungunan da suke cikin kabad. Ba mamaki da maganar ta yaɗu. Gangamin yaƙi da sefsis na duniya, wanda aka ƙaddamar a Basalona a 2002, ya sa tsarin cikin ƙa'idojinsa na 2004, ya maimaita a 2008 da 2012. Daga nan duk mai rubutu kan sefsis sai ya ambaci Rivers a sakin layi na farko. A Google Scholar ambaton maƙalar ya wuce dubu 10.

A nan akwai abin da muke so mai karatu ya riƙe. Ƙa'idojin duniya sun dogara shekara 10 a kan gwaji guda, na asibiti guda, mai mutum 263, wanda likitocin da suka yi shi sun san rukunin da kowa yake ciki a awoyin farko. Wannan ba laifin marubutan ba ne, sun faɗi iyakar aikinsu. Amma kowane sabon ambato yana sa maƙalar ta ƙara nauyi a idon mai karatu alhali shaidar da ke cikinta ba ta ƙaru da ko mutum ɗaya ba.

5. Gwaje-gwaje uku

Sai a 2014 da 2015 aka samu amsa daga manyan gwaje-gwaje na asibitoci da yawa. ProCESS, a asibitoci 31 na Amurka, ya ɗauki mutum 1341: bayan kwana 60, mutuwa ta kama kashi 21,0 a tsarin Rivers, 18,9 a kulawar da aka saba. ARISE, mai mutum 1600, akasari a Ostareliya da Niyuzilan: 18,6 da 18,8 bayan kwana 90. ProMISe, a asibitoci 56 na Ingila, mai mutum 1260: 29,5 da 29,2. Da aka haɗa bayanan ukun a 2017, mutum 3723, sai aka samu 24,9 da 25,4. Babu bambanci, sai dai tsarin ya fi cin kuɗi kuma ya fi kai mutane ɗakin farfaɗowa. Ƙa'idojin gangamin na 2016 sun janye awon cikar jijiya da na oksijan daga cikin abin da ake wajabtawa.

To me ya faru da ambato? Bai tsaya ba. Gwaje-gwajen uku kansu sun ambaci maƙalar 2001, tun da ita suka zo gwadawa. Duk wanda ya rubuta sharhi a kansu dole ya ambace ta. Wanda ya zo kare ta ya ambace ta, wanda ya zo sukarta ya ambace ta, ɗalibin da ya kwafi gabatarwar wata tsohuwar maƙala ba tare da ya san an wuce wurin ba shi ma ya ambace ta. Rumbu ba ya bambanta su, kowane ɗaya ne a lissafinsa. Ba Rivers kaɗai abin ya shafa ba. John Ioannidis ya duba ayyukan likitanci 49 da aka buga tsakanin 1990 da 2003 waɗanda kowane ya wuce ambato 1000. Cikin 45 da suka ce wani magani yana aiki, bincike na baya ya ƙaryata 7, ya kuma nuna wasu 7 sun zuzuta amfanin. An buga wannan a JAMA a 2005.

Amma za mu yi kuskure idan muka tsaya a nan muka ce lambar ƙarya ce, aikin kuma banza. Rivers da abokansa sun ba da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Marasa lafiyarsu sun fi jin jiki: oksijan na jinin da ke komawa zuciyarsu ya fara ne daga kusan kashi 49, na ProCESS kuwa kusan 71, wato ya riga ya wuce matakin da tsarin yake nema. Sannan "kulawar da aka saba" ta 2010 ba ita ce ta 1997 ba. A sababbin gwaje-gwajen, kafin a sa mutum cikin ƙuri'a an riga an gane cutarsa da wuri, an fara ƙarin ruwa, kuma an gaggauta ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ɗabi'a ta gaggawa, a ganinmu, tana cikin abin da maƙalar 2001 ta koya wa asibitoci. Jahar Niyok ta wajabta wa asibitocinta tsarin kula da sefsis a 2013, kuma binciken da aka yi kan mutum 49331 a can, wanda ya fito a 2017, ya nuna kowace awa ta jinkirin maganin ƙwayoyin cuta tana tare da ƙarin mutuwa. Jinkirin kammala ƙarin ruwa kuwa bai nuna haka ba. Haka nan maƙalar da Bryant Nguyen da Rivers suka buga a 2004 kan saukar laktat a jini ta buɗe hanyar awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar tiyo a babbar jijiya.

Duk da haka ba ma so mu jingina masa komai. A ɗakunan farfaɗowa na Ostareliya da Niyuzilan mutuwar sefsis mai tsanani ta sauka daga kashi 35,0 a 2000 zuwa 18,4 a 2012, alhali can ba su rungumi tsarinsa sosai ba. Abin da za mu iya cewa shi ne: matakan tsarin sun faɗi, saƙon "a fara da wuri" ya tsaya. Lambar dubu 10 ba ta iya gaya wa kowa wannan, sai wanda ya karanta.

6. Da aka kawo maganar Afirka

Abin da ya sa muka ga wannan labari ya shafe mu shi ne abin da ya faru da aka gwada ƙarin ruwa da gaggawa a asibitocin da ba su da injin numfashi. A ƙasashe masu arziki, idan ruwa ya yi wa huhu yawa akwai injin da zai riƙe mutum har ya wuce wurin. Maƙalar 2001 ba ta bukatar faɗin haka, domin a Ditroit abu ne sananne.

Gwajin FEAST, wanda Kathryn Maitland ta jagoranta tare da likitocin yankin irin su Sarah Kiguli da Peter Olupot-Olupot na Uganda da Samuel Akech na Kenya, ya ɗauki yara 3141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin gudun jini, a asibitoci 6 na Uganda, Kenya da Tanzaniya. Kashi 57 suna da zazzaɓin cizon sauro, kusan ɗaya cikin uku jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Masu binciken sun shiga da tsammanin ruwan zai ceci yara, tun da haka ake koyarwa. A Janairu 2011 aka dakatar da gwajin kafin lokaci. Cikin awa 48, yaran da aka ɗura wa albumin da sauri kashi 10,6 suka mutu, na ruwan gishiri 10,5, waɗanda ba a ɗura musu ba 7,3. A Zambiya, a babban asibitin koyarwa na Lusaka, Ben Andrews da abokansa sun gwada wani sauƙaƙƙen tsari mai kama da na Rivers kan manya 209, kusan 9 cikin 10 masu ɗauke da ƙwayar sida, kusan dukkansu a ɗakunan kwanciya na yau da kullum. Waɗanda aka bi da tsarin sun sha litar 3,5 cikin awa 6, sauran litar 2. Mutuwa a asibiti: kashi 48,1 a tsarin, 33,0 a kulawar da aka saba. JAMA ta buga shi a 2017.

A duba lambobin da kyau: tazarar Lusaka ta kusan kai ta Ditroit, sai dai ta juya baya. Idan likita a asibitin jaha zai zaɓi abin da zai bi bisa yawan ambato, to maƙalar 2001 zai ɗauka, domin ta ninka waɗannan biyun. Masu ambato su ne masu rubutu, masu rubutu kuwa yawancinsu suna inda injin numfashi yake. Lambar tana nuna abin da ya dame su ne.

FEAST ma yana koya mana cewa ambato da canjin aiki ba tafiyarsu ɗaya ba. Ya fito a babbar mujalla, mujallar BMJ ta ba shi kyautar maƙalar bincike ta shekara a 2012, amma littafin aljihu na kula da yara a asibiti na Hukumar lafiya ta duniya, bugun 2013, ya ci gaba da ba da shawarar ɗura ruwa da sauri ga yaron da gudun jininsa ya faɗi. Masu binciken sun yi ƙorafi a rubuce a 2014. Sai a 2016 hukumar ta gyara: yaron da yake da alama ɗaya ko biyu kawai kada a ɗura masa, mai alamu uku a ba shi kaɗan kuma a hankali. Shekara 5 ke nan tsakanin bugawa da gyara, ambato yana ta hawa.

7. Yadda muke ganin ya kamata a karanta jerin

Ba mu ce a jefar da lambobi ba. Suna nuna cewa aiki ya motsa sauran masu rubutu, kuma maƙalar da ta shekara 15 ba wanda ya waiwaye ta tana da tambayar da za ta amsa. Sanarwar San Faransisko ta Disamba 2012, wadda jami'o'i da mujallu da dama suka sa wa hannu, ba ta hana ƙidaya ba. Abin da ta nema shi ne kada a ɗauki ma'aunin tasirin mujalla a matsayin darajar maƙala ko ta mutum wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

Mai duba takardun likitan gaggawa, a ganinmu, gara ya zaɓi maƙaloli 3 ko 4 ya karanta su da kansa, ya buɗe kaɗan daga cikin waɗanda suka ambace su ya ga me suka ce. Ya tambayi rabon mutumin cikin aikin: maƙalar 2001 tana da marubuta 8, kuma rumbu yana ba kowanensu ambaton gaba ɗaya, ba ya rabawa, ma'aikatan jinyar da suka kwana suna auna marasa lafiya kuwa ba ya ba su komai. Ya duba ko an maimaita gwajin a wani wuri. Ya kuma tambaya: a kan waɗanne marasa lafiya aka yi shi, a wane irin asibiti?

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta bar FEAST ba, duk da a Afirka aka yi shi. An cire yara masu gudawa mai ƙarar da ruwan jiki daga gwajin, domin su ƙarin ruwa ceto ne, kuma an cire masu tamowa mai tsanani. Wanda ya san ɗakunan yara na Maraɗi da Damagaram daga Agusta zuwa Oktoba ya san cewa zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa sukan haɗu a jikin yaro guda. Sakamakon FEAST bai yi magana kai tsaye a kan wannan yaro ba. Abin da aka rubuta a kan irinsa a nan gida, wani sashe nasa yana cikin kundayen digirin ɗaliban likitanci da rahotannin asibitoci da mujallun faransanci waɗanda Scopus ba ya ƙidayawa, kuma mai duba takardu sai ya nemi a kawo masa su a hannu.